Alfadarai Biyu a Ƙofar Kumbon Zuwa Wata

Wata ranar Talata cikin hunturun da ya wuce, ina gaban allo ina fama da 'yan aji biyar, ina so su gane yadda abu ke kuɓuce wa jan ƙasa. Na rubuta musu kilomita 11.2 a daƙiƙa ɗaya, na ce duk abin da aka cilla sama da niyyar ya rabu da jan ƙasa gaba ɗaya, sai ya kai wannan gudun. Don darasin ya zauna sai na kawo musu labarin Saturn V, rokar da ta kai mutane wata. Tsawonta mita 110 ne, nauyinta idan an ɗura mai ya kusa tan 3,000, amma ɗan akwatin da ke dawowa duniya da mutum uku a ciki bai kai tan 6 ba. Sauran duk ƙonewa yake yi, ko a yar da shi a hanya. Ajin ya yi tsit, har masu gyangyaɗi suka farka.

Can layin baya, kusa da tagar da ƙura ke shigowa, wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, nawa aka kashe?"

Na ce dala biliyan 25 da ɗoriya, a kuɗin wancan zamanin. In da yau ne, ya haura biliyan 250.

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Malam, to su talakawan ƙasar sun yarda?"

Shekaruna da dama ina koyar da wannan darasi, kuma tambayoyin da na saba ji su ne ko da gaske an je, ko yaya ake alwala a can. Ba a taɓa tambayata ko masu kuɗin sun yarda ba. Na ce mata ta ba ni lokaci zan kawo amsa. Wannan rubutun shi ne cika alkawarin, sai dai ya yi tsawon da minti 40 na darasi ba zai ɗauka ba.

Amsar a taƙaice ita ce a'a, yawancinsu ba su yarda ba. Ni kaina abin ya ba ni mamaki, domin hoton da aka bar mana shi ne na ƙasa guda ta haɗa kai tana kallon sama tana tafi. A watan Mayun 1961, watan da shugaba John Kennedy ya tsaya gaban majalisar dokoki ya ce kafin shekaru goman su ƙare Amurka za ta sauke mutum a wata ta dawo da shi lafiya, kamfanin Gallup ya tambayi Amurkawa ko suna so a kashe dala biliyan 40 kan wannan aiki. Kashi 58 cikin 100 suka ce ba sa so. Kashi 33 ne suka amince. Roger Launius, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen tarihi na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya bi ƙuri'un jin ra'ayin jama'a na waɗannan shekarun ɗaya bayan ɗaya, ya tarar kusan ko yaushe masu rinjaye na ganin kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Sau ɗaya ne masu goyon baya suka haura rabi, a watan Yulin 1969, lokacin da ƙafar Neil Armstrong ke kan wata. Ko a ranar ma kashi 53 suka tsaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru ranar 15 ga Yulin 1969, jajibirin tashin Apollo 11, kumbon da ya fara sauke mutane a wata. Fasto Ralph Abernathy, aminin Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, wanda kuma ya gaji King bayan an kashe shi a 1968, ya iso bakin sansanin harba kumbo na Kennedy a jihar Florida. Ya zo da wasu iyalai talakawa, galibinsu baƙar fata daga kudancin ƙasar, suna waƙoƙinsu na coci, a gaba kuma ga alfadarai biyu da amalanken katako. Ku kwatanta a ranku. Can nesa ga roka mai tsawon bene hawa 36 tana ƙyalli, nan kusa ga alfadari yana kaɗa jela, ana ɗan yayyafi. Ɗaya daga cikin kwalayen da suka ɗaga na cewa ana kashe dala 12 a rana wajen ciyar da ɗan sama jannati, alhali dala 8 za ta ciyar da yaro mai jin yunwa.

Shugaban NASA na lokacin, Thomas Paine, bai aiko ɗan sanda ba, bai aiko magatakarda ba. Da kansa ya fito filin ya tsaya ya saurare su. Abernathy ya gaya masa kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar ba su da isasshen abinci da sutura da muhalli da magani, kuma ƙasar da ta iya haɗa wannan roka ba ta da hujjar barin yara da yunwa. Paine ya amsa cewa da ƙin danna maɓallin tashi gobe zai warware matsalolin da ya lissafa, da ba za su danna ba. Ya ce aikin zuwa wata wasan yara ne idan aka gwada shi da gyaran zaman al'umma. Ya ba su katin zama a rumfar manyan baƙi, ya roƙi faston ya yi wa matafiyan addu'a. Abernathy ya yi addu'ar. Washegari ya kalli tashin kumbon da idonsa, daga baya ya faɗa wa 'yan jarida cewa a wannan lokacin yana cikin Amurkawan da suka fi kowa alfahari.

Na karanta wannan labarin ya fi sau goma. Mutum biyu ne, kowa ya faɗi gaskiyarsa, ba wanda ya raina wani. Kuma Abernathy ya nuna abin da nake ganin shi ne ainihin halin talaka game da wannan al'amari a ko'ina yake. Bai ƙi wata ba. Ƙirjinsa ya cika da ya ga rokar ta tashi, kamar na kowa. Abin da ya ƙi shi ne a ce masa babu kuɗi ranar Litinin, ranar Laraba kuma ya ga kuɗin suna ci da wuta suna hawa sama. Masu son kimiyya irina muna yawan yi wa irin wannan ƙorafi kallon jahilci, mu ce ai ba su gane amfanin bincike ba ne. Ban yarda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda aka cire wa haraji yana da ikon tambayar inda aka kai shi.

To me ya sa gwamnati ta ci gaba duk da mutane ba sa so? Tsoro da gasa. Tarayyar Sobiyat ta riga su harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, a 1957. Ta sake riga su tura mutum, Yuri Gagarin, ranar 12 ga Afrilun 1961. Kennedy na neman fagen da zai ci, ya zaɓi wata. A bainar jama'a, kamar jawabinsa na jami'ar Rice a watan Satumbar 1962, yana magana kan jarumtaka da ƙishin sani, har ya sauƙaƙa wa mutane lissafin da cewa kuɗin bai kai abin da suke kashewa a taba sigari ba a shekara, kuma zai tashi ne daga santi 40 zuwa sama da santi 50 a mako kan kowane mutum. Amma watanni biyu bayan haka, a wani zama na cikin gida da aka naɗi sautinsa, ya gaya wa shugaban NASA James Webb ƙarara cewa shi sararin samaniya bai dame shi sosai ba, abin da ya sa ake kashe waɗannan maƙudan kuɗi shi ne a riga Rasha. A 1963 ma ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tayin ƙasashen biyu su je tare. Wanda ya gada, Dwight Eisenhower, tsohon janar ne, amma ya ce kashe biliyan 40 don neman suna hauka ne.

Saboda haka da aka ci gasar, sai zancen ya mutu murus. A 1966 NASA na cin kusan kashi 4.4 na kasafin kuɗin tarayya. Daga nan aka dinga zaftarewa. A watan Afrilun 1970, wata tara kacal bayan sawun Armstrong, manyan gidajen talabijin ba su ma nuna shirin da 'yan Apollo 13 suka aiko daga hanya ba, sai da tankin iskarsu ya fashe rayuwarsu ta shiga haɗari sannan duniya ta juyo. A shekarar aka soke tafiye-tafiye uku da aka riga aka tsara. Cikin Disambar 1972 Gene Cernan ya hau tsani ya bar wata, shi ne na ƙarshe cikin mutum 12 da suka taka ta a shirin Apollo.

Nan ne nake so ɗalibata ta tsaya ta yi tunani, domin maganar Paine ma gaskiya ce. An rage kuɗin zuwa wata, amma ba wannan ragin ne ya ciyar da yaran Abernathy ba. Abin da ya ciyar da su shi ne hayaniyar da irin su Abernathy suka yi. A shekarar 1969 ɗin dai, yayin da kumbo ke kai da kawo, matsin lamba ya sa gwamnatin shugaba Nixon ta kira babban taro kan yunwa a fadar White House, aka faɗaɗa shirin katin tallafin abinci, zuwa 1974 ya game ƙasar baki ɗaya. Bikin magaji bai hana na magajiya ba. Kuma in ana neman inda dukiyar Amurka ta tsiyaye a waɗannan shekaru, yaƙin Biyetnam ya ci ninkin kuɗin Apollo sau huɗu ko fiye, ga rayukan da ba su lissafuwa. Amma roka ita ce kowa ke gani. Tana da tsawo, tana da ƙara, ana nuna ta a talabijin, shi ya sa ta zama wurin sauke fushi.

Har yau haka abin yake. An taɓa tambayar Amurkawa a 1997 kashi nawa na kasafin kuɗi suke zaton NASA ke ci, matsakaicin amsarsu ya kama kashi 20. Gaskiyar ita ce bai kai kashi 1 ba a lokacin, yanzu kuwa bai kai rabin kashi ɗaya ba, wato wajen dala biliyan 25 a shekara, kusan rabinsa a harkar tura mutane. Sojojin ƙasar na cin sama da biliyan 800. Idan aka raba kuɗin NASA kan kowane Ba'amurke, bai wuce dala 75 a shekara ba.

Wani abin lura kuma: da nisan ranar biya, da ƙaruwar son abin. Gallup ta dinga maimaita tambaya guda, ko amfanin shirin sararin samaniya ya kai kuɗin da ya ci. A 1979 kashi 41 suka ce ya kai. A 1999 kashi 55. A 2019, da aka cika shekara 50, kashi 64. Waɗanda suka biya sun yi gunaguni, jikokinsu da suka gaji hotuna suna alfahari. Amma da cibiyar Pew ta tambaye su a 2023 wane aiki ya kamata NASA ta sa a gaba, kashi 60 suka ce sa ido kan duwatsun sama da ka iya faɗowa duniya, kashi 50 suka ce lura da yanayi. Mayar da mutum wata ya samu kashi 12, zuwa duniyar Mars kashi 11. Su ɗin dai, kusan kashi 7 cikin 10 sun ce wajibi ne ƙasarsu ta ci gaba da jan ragama a sama. Wasu na cewa wannan tufka da warwara ce. Ni hankali na gani a ciki. Mutane sun bambance tsakanin abin da ke musu aiki da abin da ke musu ado, kuma suna son duka biyun, amma sun san wanda za su fara saya.

Bari in faɗi dalilin da ya sa tura mutum ke da tsada haka, don shi ne gindin rigimar. Na'ura ba ta numfashi, ba ta cin abinci, ba ta bayan gida, kuma ba sai an dawo da ita ba. Mutum kuwa sai an ɗauki iskarsa da ruwansa da abincinsa, a kare shi daga zafi da sanyi da haskoki masu cutarwa, sannan a ɗauki man dawowa, shi ma man sai an ɗauki man da zai ɗaga shi. Kowane abu sai an yi biyu ko uku saboda in ɗaya ya lalace. Duk da haka an yi asarar rayuka: mutum 3 a gobarar Apollo 1 a 1967, mutum 7 a Challenger a 1986, cikinsu har da malamar makaranta Christa McAuliffe wadda ɗalibai ke kallon tashinta kai tsaye, sai wasu 7 a Columbia a 2003. A matsayina na malami, duk lokacin da na tuna ta sai jikina ya yi sanyi.

A gefe guda, motar mutum-mutumi Opportunity da aka sauke a Mars a 2004 don ta yi kwana 90, ta yi shekara 14 tana aiki. Curiosity ta ci wajen dala biliyan 2.5, tun 2012 take can. Indiya ta kai na'urarta kewayen Mars a 2014 da dala miliyan 74 kacal. Ku gwada da shirin Artemis na mayar da mutane wata, wanda babban mai binciken kuɗi na NASA na lokacin, Paul Martin, ya gaya wa majalisa a 2022 cewa tashi ɗaya zai ci dala biliyan 4.1, ya kuma ce kuɗin ba mai ɗorewa ba ne. Ranar da na koma ajin na rubuta wannan adadi a allo, muka ɗauka rijiyar burtsatse ɗaya dala 10,000 ce don lissafi ya yi sauƙi. Yaran suka raba da kansu, suka samu rijiyoyi 410,000. Wani yaro ya ce, "Malam, tashi ɗaya fa?" Na ce tashi ɗaya.

Ba talakawa kaɗai ke wannan ƙorafi ba. James Van Allen, wanda na'urarsa ta gano ɗamarar haskoki da ke kewaye da duniya a 1958, ya shafe rayuwarsa yana cewa tura mutane na cinye kuɗin kimiyya ta gaskiya. Steven Weinberg, mai lambar Nobel a fiziks, ya caccaki tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa wadda ta ci sama da dala biliyan 100. Martin Rees na Ingila ya ce a bar wa attajirai masu son kasada su biya da aljihunsu.

Amma adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Nisan da Opportunity ta yi a shekara 14, kilomita 45, 'yan Apollo 17 sun kusa yin irinsa a kwana uku, wajen kilomita 35, kuma ɗayansu, Harrison Schmitt, masanin duwatsu ne da ke zaɓar abin da zai ɗauka da idonsa. Apollo ta kawo kilo 382 na duwatsu da ƙasar wata, har yau ana nazarinsu, kuma su suka ƙarfafa ra'ayin cewa wata ɓallewa ya yi daga duniya bayan wani babban karo. Na'urorin Sobiyat uku da suka yi irin wannan aiki ba su kawo ko rabin kilo ba. Madubin hangen nesa na Hubble ya tashi da aibi a gilashinsa, hannun mutum ne ya je ya gyara shi a 1993. Waɗannan duk gaskiya ne. Sai dai ko an tara su, a ganina ba su isa su zama dalilin kuɗin ba, kuma masu tsara abin sun san haka. Dalilin shi ne suna da ɗaukaka, da wani abu a zuciyar ɗan'adam da ba ya gamsuwa sai ya ji cewa ɗan uwansa ya je ya gani.

Wannan abin na zuciya na san shi, don na gan shi a gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana saurayi aka sauka a wata. Ana tsakiyar yaƙin basasa, yayansa na bakin daga, kowa kunnensa na kan rediyo don jin labarin yaƙi, sai ga wannan labari ya shigo. Ya ce a majalisarsu an kusa dambe, wasu na cewa ƙaryar Turawa ce, wasu na cewa saɓo ne, wani tsoho kuma ya ce ko da gaske ne, me suka samo da za a ci? Shi kuwa Baba da aka watse sai ya hau soro ya zauna yana kallon jinjirin watan har ya faɗi. Na tambaye shi me yake nema. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Kawai na kasa barci ne, a ce akwai mutum a can." Mutumin da bai taɓa hawa jirgi ba sai da ya je aikin hajji da furfurarsa.

Shi ne kuma ya fara gaya mini cewa Kano na cikin wannan tarihi, na ɗauka zancen tsofaffi ne sai da na girma na tabbatar. Lokacin shirin Mercury, shirin Amurka na farko na tura mutum sararin samaniya, NASA ta kafa tashoshin bibiyar kumbo a zagayen duniya, ɗaya na Kano, wata na Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, ya ratsa ta samanmu. Ya leƙo ta taga ya gaya wa tashar Kano cewa yana hango guguwar ƙura. Suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska na kaɗawa da ƙarfi. Hunturunmu ya gani. Ƙurar da ke fasa mana leɓe, ta sa tsofaffi tari, ta rufe allon ajina, ita wani ya hango daga sama ya ba da labarinta. Tun da na san wannan, in hazo ya sauko nakan tuna da shi. Na'ura za ta iya auna ƙurar fiye da shi, ta faɗi kaurinta da inda ta nufa. Amma da na'ura ce ta gani, da ban ba ku labarin ba.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a watan Agustan 1963, Kennedy ya ɗaga waya ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka gaisa ta wannan hanya. Ba mutum a cikin wannan tauraro. Amma zuriyarsa ce yau ke kawo hasashen damina, ke nuna wa direba hanya a waya, ke ɗaukar hoton ambaliya da gurgusowar hamada. Idan mai kare tsadar kumbo ya ce ai ga amfanin sararin samaniya a aljihunka, gaskiya ya faɗa, amma mafi yawan wannan amfani daga irin Syncom ya fito, ba daga irin Apollo ba. Haɗa su a buhu ɗaya don a tsallake tambaya shi ne abin da ke ɓata mini rai.

Indiya ta fuskanci wannan tun farko. Vikram Sarabhai, wanda ya kafa shirinsu, ya ce ba su da mafarkin gasa da ƙasashe masu arziki wajen zuwa wata ko tura mutum, burinsu a yi amfani da fasahar a warware matsalolin jama'a. Shekaru suka yi a kan taurarin yanayi da sadarwa, kuma gargaɗin guguwar teku da suke bayarwa ya ceci rayuka masu yawa a gaɓarsu. Sai a 2018 suka amince da shirin Gaganyaan na tura mutanensu da kumbonsu. Duk da haka da suka isa Mars a 2014, jaridar New York Times ta buga zanen wani manomi da saniyarsa yana ƙwanƙwasa ƙofar manya, har sai da ta nemi afuwa. Wannan ya koya mini cewa tambayar "ga yunwa, me ya kai ku sama?" iri biyu ce. In ta fito daga bakin mai jin yunwar, haƙƙinsa ne. In ta fito daga bakin wanda ya ƙoshi yana nuna wa talaka iyakarsa, raini ne.

Yanzu kuma attajirai sun shigo. Da Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya yi tafiyarsa ta minti goma da 'yan kai zuwa sararin samaniya a watan Yulin 2021, ya sauko ya gode wa ma'aikatan Amazon da masu sayayya, ya ce su suka biya. Mutane da yawa ba su ji daɗin wannan godiya ba, musamman masu ɗaukar kaya a rumbunan kamfanin. Yarima William na Ingila ya ce kamata ya yi manyan masu basira su mai da hankali kan gyara wannan duniyar. Tambayar Abernathy ce ta dawo, sai dai wannan karon ba majalisar da za a kai wa kuka.

Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis, ta haɗin gwiwa da Amurka kan binciken sararin samaniya, a Disambar 2022, ita da Ruwanda ne na farko a Afirka, kuma lokaci zuwa lokaci mukan ji zancen tura ɗan ƙasa sama. Ni dai in aka tambaye ni, ban yarda a taɓa sisin baitulmali a saya wa mutum ɗaya kujera a kumbon wasu ba. Na yarda a kashe kuɗi, masu yawa ma, a kan taurarin da za su duba gona da daji da ruwan Tafkin Chadi, da horar da yaran da za su ƙera su su kuma karanta abin da suka aiko. Amurkawa kuwa kuɗinsu ne, su za su yanke. Abin da kawai nake ganin suna bin shugabanninsu bashi shi ne a gaya musu gaskiya: wannan tafiya ta neman suna ce da gasa da Sin, ga kuɗinta, kun yarda? Mai yiwuwa su ce sun yarda. Ɗaukaka ba abin kunya ba ce, ko a gidan talaka ana yanka rago ranar suna. Amma a kira ragon da sunansa.

Da na gama ba ajin wannan bayani, a taƙaice ba kamar yadda na zuba shi a nan ba, sai na ce bari mu yi tamu ƙuri'ar. Na ce wa ke so ya ga ɗan Najeriya a sararin samaniya? Hannuwa suka tashi kusan duka, wasu har da miƙewa tsaye. Na ce to in daga kuɗin asibiti da rijiya za a cire fa? Suka dinga sauka ɗaya bayan ɗaya, saura 'yan kaɗan, su ma suna waige. Mai tambayar ba ta ɗaga ba a duka biyun. Na ce, "Ke da kika jawo mana zancen, ba ki ce komai ba." Ta ce, "Malam, ni wanda ke ganin ruwan sama nake so a fara saya, saboda bara babanmu sau biyu yana shuka. In an samu rara sai a tura mutum. Amma in za a tura, ina so in ji abin da zai ce ya gani."

Aka kaɗa ƙararrawa, aji ya watse. Ina kakkaɓe alli daga hannuna sai ga ta da littafinta a buɗe. Ta ce in rubuta mata ranar da Baturen nan ya hango ƙurar Kano, za ta tambayi kakanta ko ya tuna hunturun shekarar. Na rubuta mata a saman shafin: 20 ga Fabrairu, 1962.